Layin Safen Baba

Ina tsakiyar tace gasara Inna ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce, "Auta, albasar babanki tana mutuwa."

Na ce, "Wace irin mutuwa kuma, Inna? Ba ga injin sola nan an kafa musu ba?"

"Injin yana nan ƙalau. Albasar ce take mutuwa. Ni dai na gaya miki, kuma kada ki ce a bakina kika ji." Ta kashe wayar.

Na zauna a bakin turmi da hannu duk gasara. Albasar nan ita ce abincin gidanmu na bana gaba ɗaya. Damina ba ta yi wa Baba kyau ba, geron da ya samu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ya cika lambunsa na fadamar bayan Utai da albasa tun daga wannan kunya har waccan. In ta mutu, shi da Inna ba su da abin kaiwa baki har wata kaka. Abin da ya ƙara dagula mini lissafi kuwa, injin da ake magana mijina ne ya kawo shi.

Jibril, mijina, shi ne kansilan mazaɓarmu. Da fetur ya gagari manoman rani, ƙaramar hukuma ta fito da shirin gwada injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Bawan Allah nan ya yi zarya sakatariya kamar takalminsa zai tsinke, har aka yarda a fara gwajin a fadamar su Baba. Ranar da aka kafa farantan sola, aka danna, ruwa ya yi tsalle daga rijiyar bututu ba hayaƙi ba ƙara, wallahi har guɗa na yi. Su Baba suka sayar da tsohon injin fetur ɗinsu suka sayi sabuwar mesa. Kowa yana sa wa Kansila albarka.

Abin da ba wanda ya kawo a ransa shi ne layi. Su uku ne suke shan rijiyar nan: Baba, da Malam Haladu, da Yaya Sabo, ɗan marigayi aminin Baba. Tun zamanin jigo al'adar fadamar ita ce babba shi yake fara ban ruwa, daga an idar da sallar asuba, ya gama kafin rana ta ciza. Mai bi masa ya karɓa da hantsi. Ƙaramin cikinsu shi yake shan zafin tsakar rana. Layin safe girma ne, ba a ba ka shi sai na gabanka sun kau, Baba kuwa sai da furfura ta cika masa gemu ya same shi.

To shi injin sola ina ruwansa da furfura? Da safe rana ba ta da ƙarfi, ruwan sai ya riƙa ɗiga kamar daga bakin buta. Da tsakar rana kuwa sai ka riƙe mesar da hannu biyu. Lokacin sanyi ɗan abin da Baba yake samu yana rufa asiri. Yanzu zafi ya shigo, albasa ta fara sa kai, lokacin da ta fi son ruwa ke nan.

Da Jibril ya dawo ban bari ya cire hula ba.

"Abban Khairiyya, ka san albasar Baba tana bushewa?"

Ya kawar da kai. Nan take na gane ya sani, raina ya ƙara ɓaci.

"Mai gyaran injin ya faɗa mini," ya ce. "Layin za a juya, shi ke nan. Wanda yake da lambu mafi girma, wato Baba, ya karɓi tsakar rana."

"To ka je ka faɗa masa mana!"

"Ni? Haba Luba! Ni da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba? Ni zan durƙusa in ce wa surukina ya bar layin manya ya koma na yara? Na aika Malam Haladu ya ɗan taɓa masa zancen, ya ce a gaya mini lafiya lau, ruwa yana isarsa."

"Kai kuma ka yarda?"

"Yo in ce ƙarya yake yi?"

Ya ce in kwantar da hankalina, akwai tanki a kashi na biyu na shirin, wanda zai tara ruwan rana a sha da safe. Sai dai sai manyan hukuma sun zo sun ga gwajin ya yi kyau tukuna. Na ce madalla, tankin ya zo ya shayar da karmami. Ban ƙara ce masa komai ba, don in na ci gaba sai na faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Washegari na ajiye Khairiyya a makaranta, na hau Adaidaita daga nan Wudil sai Utai. Ni ce auta, ni kaɗai nake iya kallon idon Baba in yi magana, don haka na san duk wata kunya da suke ta yi wa juna a kaina za ta ƙare.

A bakin fadama na fara cin karo da Yaya Sabo yana gyaran kunya. Lambunsa kore shar, lawashi tsaye kamar an jera shi da hannu. Muka gaisa, ya tambayi maigida da yara, na tambayi matarsa Murja. Sai na ce, "Yaya Sabo, kana gani fa."

Ya jefar da fartanya. "Auta, wallahi ko bacci ba na iya yi. Ruwa yana yi mini yawa har ina sakinsa a ciyawa. Amma ni da na tashi a gabansa, in je in ce Baba ba ni safe ka koma rana? Kafin la'asar gari ya ɗauka Sabo ya ƙwace layin dattijo."

"To ka sakar masa ruwan a ɓoye."

"Na gwada. Da ya zo ya ga danshi, da hannunsa ya datse hanyar. Ya ce mini, Sabo, ruwanka ya yi ɓatan kai, a riƙa kula."

Na ce innalillahi, na wuce.

Tun daga nesa na hango Baba a tsugune a bakin mesa, yana jan ɗan siririn ruwa da yatsunsa zuwa fangali na farko, wato ɗan filin da ake kewayewa da kunya a cika shi da ruwa. Fangalan da suke kusa da rijiya da sauran ransu, sai dai bakin lawashin ya yi ja. Na can ƙarshe kuwa sun kwanta, ƙasar ta tsage. Ban taɓa ganin lambun Baba haka ba tun da nake.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'arsa, ya tambayi "amaryarsa" Khairiyya, ya tambayi mutanen Wudil ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da yake faruwa a bayansa.

"Baba," na ce, "ruwan nan ba ya isa."

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Idona ne ya gani. Ku yi musanya da Yaya Sabo, ko na sati biyu ne, har albasar ta ƙosa."

"Ruwa yana isata, Auta."

"Haba Baba! Dubi can ƙarshe fa. Don girman Allah, layin safe za a ci ko albasa?"

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da tun ina yarinya yake sa ni haɗiye sauran magana. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Rana ta fara zafi. Je ki wajen innarki ki sha fura."

Na tashi ina ƙunƙuni. A raina na ce wannan wane irin girman kai ne, mutum ya zauna yunwa tana tunkaro gidansa saboda kada a ce ya yi ban ruwa bayan Sabo? Na ji haushinsa, na ji haushin Jibril, na ji haushin Sabo da ladabinsa. Maza uku da hankalinsu, kowa yana kare fuskar wani, albasa tana ƙonewa a tsakaninsu.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Da na idar da sallar asuba sai in fito tsakar gida in tsaya ina kallon gabas, ina jin kamar in jawo ranar nan da hannu ta yi sama da wuri. Da tsakar rana kuwa in zafi ya dake ni a ƙeya, sai in tuna ruwa yana can yana malala a ciyawa. Na ƙona miya sau biyu. Inna kullum sai ta kira, ba ta cewa komai sai "Wani fangalin ya kwanta."

Ranar Alhamis ina goge wa Jibril babbar rigarsa ta Juma'a dabara ta faɗo mini, har na kusa ƙona masa aikin aska da yake gaban rigar. Ranar Juma'a ai ba mai layin tsakar rana! Yaya Sabo yana kashe injin da wuri ya tafi masallaci, ya ajiye makullin akwatin injin a gidan Baba, tunda shi ne babba. Rana tana tsakar ka, inji yana kwance, fadama ba kowa. Ruwan lokacin nan ba na kowa ba ne, ba wanda zai ce an ƙwace masa, ba wanda zai ce an yi masa sadaka. Ni kuwa Juma'a ba ta wajaba a kaina ba.

Na ce wa Jibril zan je gaida Inna, kuma ban yi ƙarya ba, na gaishe ta. Da na ce ta ba ni makullin, sai ta dafe ƙirji.

"Ni 'yasu! Matar Kansila guda a fadama da fartanya? In babanki ya ji fa?"

"Ya ji ɗin, Inna. Ke kika kira ni."

Ta ciro shi daga ƙasan fanteka, ta ce Allah ya rufa asiri.

Ban taɓa sanin fadama tana iya yin shiru haka ba. Ba mutum ba dabba, sai zafi yana tashi daga ƙasa. Na buɗe akwatin na tsaya ina kallon wayoyi. In na taɓa inda ba daidai ba wuta ta ja ni fa? In na lalata injin hukuma, da wane baki zan yi bayani? Na tuna koren maɓallin da aka danna ranar buki, na yi bisimilla na danna shi.

Shiru. Na ce shi ke nan, na kashe musu inji. Sai na ji wani ɗan gurnani a ƙasa, mesar ta motsa ta miƙe, ruwa ya fashe da ƙarfin da sai da ya jiƙa ni har gwiwa.

Na cire mayafi na ɗaure ƙugu da shi, na tattare zani, na ɗauki fartanyar Baba. Hannuna bai manta ba, ai a nan na girma ina bin sa a baya. In sare kunya ruwa ya shiga, in ya cika in toshe in buɗe na gaba. Ƙasar tana shan ruwan tana ƙara kamar an zuba shi a kasko. Ina yi ina waiwaye, ina kasa kunne ko an idar da salla. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi bororo, ban tsaya ba.

Da na wuce tsakiyar lambun sai jikina ya fara sanyi. Na kama wani lawashi don in tayar da shi, ya biyo hannuna kamar busasshiyar ciyawa. Kan albasar bai fi goro ba, ya motse, saiwar ta ƙone. Na tumɓuke na kusa da shi, haka. Na gaba ma haka. Na makara. Kuka ya ƙwace mini, amma na ci gaba da sakar musu ruwa, ina yi ina kuka kamar wata taɓaɓɓiya, wai ko Allah zai sa su tashi.

"Auta."

Fartanyar ta kusa faɗo mini a ƙafa. Baba ne a tsaye a kan kunya cikin farar rigarsa ta Juma'a, da carbi a hannu. Ashe ya nemi makulli, Inna ta kasa yi masa ƙarya.

Na durƙusa a cikin taɓon nan ina jiran faɗa. Ya cire rigar ya ninke ta, ya ɗora hularsa a kai, ya shigo ya karɓi fartanyar daga hannuna. Ya datse hanyar da take kai ruwa ƙarshen lambun, ya mai da shi wajen masu sauran rai.

"Waɗancan sun riga sun tafi," ya ce. "Kada ki ɓata musu ruwa."

Muka yi ta aiki, shi yana sara ni ina jan mesa, har fangalan gaba suka sha na biyu. Sannan ya zauna a kan kunya yana haki. Sai a lokacin na lura da yadda ƙasusuwan wuyansa suka fito.

"Mijinki ya san kin zo nan?"

"A'a, Baba."

"To kada ya sani."

Haushin da nake ta dannewa ya taso mini. Na ce, "Baba, rabin lambun nan ya tafi. Saboda layin safe! Da ka haƙura da girman nan na sati biyu kawai..."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Ke ma kallon da kike mini ke nan? Auta, na sha safe na ƙoshi. Ni da na yi rabin rayuwata ina ban ruwa da tsakar rana, yau ita zan ji wa tsoro?"

"To mene ne?"

"Ranar da aka ga ni Gwadabe na koma layin rana, me za a ce a majalisar bakin kasuwa? Za a ce injin da Kansila ya kawo ya kasa shayar da surukinsa. Masu jiran yaron nan ya yi tuntuɓe suna da yawa, ke ba kya jin su, ni ina ji. Ga shi an ce manya za su zo dubawa, in sun ga da kyau a kawo tanki, a kai wa mutanen Kausani da Dagumawa irinsa. In magana ta riga su zuwa fa?"

"Amma Baba ai ba laifin injin ba ne. Layin ne bai dace da shi ba."

"Na sani, ke ma kin sani. Wa zai tsaya ya bi mutane gida-gida yana yi musu wannan bayanin?" Ya kakkaɓe ƙasa daga gwiwarsa. "Yaron nan ya riƙe ki da mutunci, bai taɓa sa na ji kunya ba. Ya kawo abin alheri garinmu. Ba a bakina za a fara jin aibinsa ba, ba kuma a lambuna ba."

Kwana da kwanaki ina zagin girman kansa a zuci, ashe aurena yake karewa da abincin bakinsa. Kunya da tausayi suka rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Me za ku ci, Baba?"

"Wanda ya ba mu bara yana nan. Tashi ki wanke ƙafarki ki tafi gida kafin ya neme ki. Ki ce ina gaishe shi, ruwa yana isata."

Da ya juya zai kashe injin, na sunkuya na tattari damin matacciyar albasar nan na ƙulle a gefen mayafina.

A Adaidaita har muka shigo Wudil ban san inda hankalina yake ba. Motocin shanu sun cushe hanya ana watsewa daga kara, kasuwar shanu, direba yana ta masifa, ni kuwa ina ta juya abu ɗaya. In na yi shiru na bi umarnin Baba, sauran rabin ma zai bi, don ruwan Juma'a kaɗai ba zai riƙe albasa ba. In na yi magana, na watsa masa ƙasa a ido bayan duk abin da ya jure.

Na tarar da Jibril a tsakar gida a kan tabarma, bai ko cire rigar masallaci ba, yana yi wa Khairiyya fifita. Ya dubi bakin zanina da ya yi jirwayen taɓo, ya dubi idona.

"Luba, lafiya? Yaya su Baba?"

Na durƙusa a gabansa. "Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce a gaya maka ruwa yana isarsa. Na isar da saƙonsa yadda ya ba ni."

Na kwance mayafin, na zazzage masa abin da yake ciki a kan farar rigarsa.

"Wannan kuma rabin lambunsa ne. Don kada a zage ka a bakin kasuwa ya bar shi ya zama haka."

Jibril ya ɗauki guda ɗaya, ta marmashe a tsakanin yatsunsa. Sai hawaye suka zubo masa.